Tukunyar Duwatsun Kaka

Jiya sarƙar 'yata ta tsinke, duwatsun suka zube cikin kwano, sai ƙarar ta mai da ni ƙauyenmu na gefen Karofane, gindin iccen bedin da kakata take zama.

Sana'arta zura duwatsun wuya. Tana da 'yar tukunya mai ƙaramin baki, farare da jajaye a cakuɗe ciki. Takan sa hannu ta ɗauko, ta duba, in ba launin da take so ba ne ta mayar. Fari, ja, fari, ja, ba ta taɓa kuskure ba. Matan kasuwar Bouza daga nesa suke gane aikinta.

Shekarar da na gama firamare, bayan an yi girbin hatsi, na fara ganin ja biyu a jere. Daga baya uku. Ta daina mayar da ko ɗaya cikin tukunya. Takan ɗaga dutsen wajen rana kamar mai dubawa, sannan ta zura.

Wata rana da hantsi ta miƙo mini sarƙa. "Ke mai idon mujiya, ya yi kyau?"

Farare huɗu ne a jere a tsakiya. Na ce, "Ya yi kyau, Kaka."

"To mi kika tsaya kallo?"

Allah Ya yafe mini. Na san abin da take tsoro: ranar da babana ya gane, zai karɓe tukunyar ya ce ta huta, ita kuwa ba ta san zama hannu sake ba. Sai na riƙa lallashin kaina. Duk inda fari ya bi ja, in ce ai ga shi, tana gani kaɗan-kaɗan.

A kolej ne mushen lissafi, wato malaminmu, ya kawo gwangwani da ƙwallaye, goma farare goma jajaye. Ya rufe ido yana cirowa yana jerawa. Ya ce in hannu ne kawai ke ɗauka babu ido, launi zai canza wajen sau goma, wani lokaci ya ɗara, wani lokaci ya gaza. 'Yan aji suna ta dariyar yadda ya runtse ido. Ni dai sarƙoƙin Kaka nake tunawa.

Da hutu ya zo na ɗauko sarƙoƙin da ba su sayu ba, na yi ta ƙirga duwatsu ashirin-ashirin, ina duba sau nawa launi ya canza. Tara. Sha ɗaya. Goma. Ashe wuraren da nake murna da su ma ba idonta ba ne, hannu ne kawai da abin da Allah Ya kawo.

Yanar ido ce ta rufe wa Kaka gani. Yau sai ka ji an kai tsohuwa Madaoua an cire mata, ta dawo tana zura allura da kanta. A lokacin ko na faɗa, ban san inda za mu kai ta ba. Haka nake gaya wa kaina.

Na tattara duwatsun 'yata zan gyara mata. Ta ce, "Inna, fari da ja, bi da bi." Na ce to. Har yanzu suna cikin kwano.