Mai Neman Furen Da Ba Ya Jin Ƙishi

Ga shi tsaye wurin mai sayar da furanni, tumbi a gaba, yana kaɗa makullin mota. Da bakin takalmi yake nuna tukwanen, sunkuyawa ta fi ƙarfinsa. Mai furannin ya murje masa ganye, ya shinshina.

"Wannan ne mai ƙamshin da ba ya son ruwa?"

"Yana jure fari, yallaɓai, amma sai an shayar da shi ya kama ƙasa tukuna."

"A'a. Wanda zan manta da shi nake so."

Can cikin motarsa, a tsakiyar rana, wata tsohuwa mai irin hancinsa tana fifita da mayafi, leɓɓanta a bushe. Da alama ya daɗe da samun irin wanda yake nema.