Garewanin Ɗakin Haihuwa na Magariya

Har gobe ina tuna ranar da Inna Hajo ungozoma ta dire ƙwaryar man shanu a gaban kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Zamanin Faransa ne, ina minizye, wato kafinta, a ma'aikatar gine-gine ta Magariya, ƙarƙashin Baba Ilu wanda ya koya mini riƙon guduma.

An yi wa ɗakin haihuwa na likita, wato asibiti, rufin kwano. Da bazara ta kama, ɗakin ya koma tanda, matan garuruwan Kwaya da Sassumburum suka daina zuwa. Baba Ilu ya kawo dabara: a farke garewanin kananzir, a goge su da toka da tsamiya har su yi walƙiya, a jera su ƙarƙashin kwano, a bar tazarar tafin hannu a tsakani. Ya ce ƙarfe mai walƙiya mayar da zafi yake yi, iska kuma ta kwashe shi ta wannan tazara. Kumandan ya yarda. Sai aka tura Baba Ilu gyaran lakwal, wato makaranta, a Dungas, ya bar mini aikin.

A nan na yi laifina. Yanka katakon tazara ya yi mini wuya, sai na buga garewanin manne da kwano. Sannan na shafe su da koren fenti don kumandan ya yaba mini.

Ranar duba aiki, Inna Hajo ta nuna man da ta ajiye a ɗakin tun hantsi. Ya zama ruwa. Ta ce in mai ya narke haka, ina ga jariri? Kumandan ya ce ta bakin tafinta dabarar tsoho ta banza ce, in ya dawo rangadi ranar Asabar zai sa a kawo wani shugaban aiki daga Damagaram. Baba Ilu, da ya dawo daga Dungas, ya ɗaga kai ya dubi fentin, ya dube ni. Ni kuwa na ɓoye laifina. Kwana biyu ina ɗauke da laifin nan.

Ranar Laraba na same shi yana wasa zarto, na durƙusa na faɗi abin da na yi.

Ya ce, "Na gani tun daga ƙofa, ɗana. Jira nake in ga ko kai ka gani."

Na rantse ba zan bari a kore shi a kan aikina ba. Kwana uku ina saman tsani daga asuba, ina ɓamɓare garewani, ina kankare fenti da yashi har yatsuna suka fashe. Na yanka katakon da na guje wa, na bar tazarar, na buɗe ƙofofin iska a gefe biyu. Baba Ilu yana ƙasa yana auna kowace tazara da tafinsa.

Ranar Asabar, kafin kumandan ya sauko daga mota, na tare tafinta na ce ya gaya masa fentin nawa ne. Aka dakatar da ni mako biyu. Amma da azahar Inna Hajo ta buɗe ƙwaryar da ta sake ajiyewa a ɗakin, mai ya yi laushi, bai kwarara ba. Baba Ilu ya zauna a aikinsa har tsufa ya sauke shi.

Ku masu tasowa, abin da ke sanyaya ɗaki yana can inda mai duba aiki ba ya leƙawa. Tun ranar, ban sake rufe wani rufi ba sai na cusa tafina ciki na ji iska.