Bokitan Hasmukh

Shekara ashirin Hasmukh Vaghela yana narka roba a wata masana'anta a garin Vapi, har ya gano haɗin da rana ba ta fasawa. Don murna ya ƙera bokiti ɗari, ya raba wa maƙwabta ranar bikin fitilu na Diwali kamar alewa, yana zayyana wa kowa sirrin haɗin.

Daga baya ya je wurin wata lauya neman takardar mallakar ƙirƙirarsa.

Ta ce, "Baba, abin da duk gari ya sani ai ba sabo ba ne."

Ya sosa ƙeya. "To 'yata, da ban nuna musu ba, wa zai shaida ni na yi?"

Har yau bokitan ba su fashe ba, shi kuma bai gane ba.