Tsakuwa Bakwai da Dutsen Niƙa

Shekarun baya, lokacin naira ba ta daɗe da korar fam da sule ba, takardu biyu suka iso mini a mako ɗaya. Ɗaya ta kwalejin horon malamai, ɗaya ta aikin reluwe a Kafanchan, goge inji da zuba masa mai. Dole in zaɓa kafin Litinin.

Mahaifina dattijon coci ne, kuma yana da hanyarsa ta yanke magana. Yakan zana da'ira biyu a ƙasa, kowane dalili a sa masa tsakuwa ɗaya, inda tsakuwa ta fi yawa nan za a bi. Da haka ya sha raba rigimar gonar citta, ba mai musa masa.

Ran Lahadi bayan sujada muka zauna gindin mangwaro. Ya ce, "To, ɗan boko, kawo dalilanka."

Na fara da reluwe. Albashi, tsakuwa. Kaki, tsakuwa. Hula ma tata daban. Jirgi kyauta har Jos, keke, kusa da gida. Har yarinyar da ke cikin mawaƙan coci, wadda nake so ta gan ni cikin kaki, na sa mata tsakuwa na kira ta "mutunci". Bakwai. Ɓangaren makaranta ɗaya tak: ilimi.

Mahaifiyata tana niƙan dawa a gefe. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baban yara, ilimin ne za ka ba shi tsakuwa ɗaya daidai da hula? Ɗauki dutsen niƙan nan ka sa masa."

Ya ce, "Yi niƙanki, mace. Dalili dai dalili ne."

Ya yi dariya. Tawa ta fi tasa ƙarfi.

Na tafi reluwe. Kakin bai shekara biyu ba ya koɗe. Yarinyar ta auri abokina da ya tafi kwalejin. Yau in takardar ofis ta zo mini da Turanci mai nauyi, gidansa nake kai ta ya karanta mini, matar tana kawo mini ruwa.

Na daɗe ina ɗora wa mahaifina laifi. Ƙarya nake. Shi ƙirga ya yi, ni ne na fasa son zuciya guda ɗaya gida bakwai don in rinjayi abin da na san ya fi shi nauyi.

Mahaifiyata ba ta sake tada maganar ba har ta rasu. Da aka raba kayanta, dutsen niƙan kawai na nema. Na sunkuya in ɗauka, na kasa. Sai da aka kama mini, mu biyu muka ɗaga shi.