Mutumin Ma'azu a Tsibirin Longxue

A tashar Maraɗi Ma'azu ya koyi cewa ba a ɗora kaya sai an ga idon direba. Da ya koma Sanyuanli, wata unguwar fatauci a ƙasar waje, yana tura wa 'yan kasuwar gida kwantena, bai canja ba. Kayan ɗaya daga cikinsu, Hajiya Fasuma, jarinta kaf, har Longxue ya raka su, tsibirin da dā laka ce da masunta, yanzu tashar manyan jiragen ruwa.

A ƙofa ya nemi direban jirgin. Mai gadi ya ce ba shiga. Ma'azu ya ƙare masa kallo, ya damƙa masa goro da amanar kayan.

Kwantena ta isa lafiya. Har yau yakan ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Ina da mutum a tsibirin."