Rigar da Mas Prawoto ya sa wa mangwaro

Duk wanda ya ci kifi a Bandung cikin shekara goma sha huɗun nan, da izinin Mas Prawoto ya ci. Haka shi da kansa yake faɗa, mu kuma ba mu musa, domin shi ke sayen soyayyen waken suya na ƙarfe goma a ofis.

Mutumin Solo ne, Bajawe a tsakiyarmu 'yan Sunda. Ya zo da jaka ɗaya da ƙorafi ɗaya, wai shayinmu ba sukari. Kamfaninmu na rumbun sanyi ya ɗauke shi ya rubuta manhajar da ke raba kaya ɗaki-ɗaki. Teburina na kusa da nasa.

Ga yadda ya gina ta. Duk kayan da ya shigo, a wurin manhajar "abu" ne kawai, ba suna ba dangi. Sai tana cikin aiki take karanta kalmar da magatakarda ya rubuta a gurbin iri, ta sa wa abin rigar wannan irin, rigar kuma ta nuna ɗakinsa. Da farko idan riga ba ta dace da mai ita ba, manhajar tsayawa take cak, a kira Mas Prawoto. Ya gaji da kiran. Wata ranar Laraba ya ƙara wa manhajar layi tara: in abu ya ƙi riga, a yanke abin da ya yi yawa, a cusa shi.

"Mas, in ta yi kuskure fa, wa zai gaya mana?" na tambaye shi.

"Kang, wanda bai yi gardama ba ai ya yarda," in ji shi. Kang, wato yaya, haka yake kirana.

Daga ranar ba ta sake tsayawa ba. Shekara shida shiru. Ni shirun ne ba na so.

Sunayen rigunan da harshen uwarsa ya raɗa su. Ta kifi ya kira ta amis, wato ƙarni a Jawanci. Ɗakinta digiri goma sha takwas ƙasa da sifili.

Bana aka ɗauki sabuwar magatakarda, Teh Euis. Ranar Alhamis motar ƙauyensu ta kawo mangwaro tan goma sha biyu, noman shekara na gida arba'in, har da na mahaifinta. Ta ga gurbin iri, ta rubuta gaskiya. A bakinmu 'yan Sunda, amis zaƙi ne.

Sai ranar Litinin da hantsi Mas Prawoto ya lura. Na ga ya ajiye kofinsa a hankali. A allonsa an rubuta kifi tan goma sha biyu, daga ƙauyen da ke kan dutse, inda ko tafki babu.

Ya kira ta. "Teh, me kika rubuta wa mangwaron nan?"

"Amis mana, Mas. Ko kana so in ce ɗaci?"

"Amis ƙarni ne."

"A garinku. Shi ya sa kuke zuba wa komai sukari."

Bai yi dariya ba. Ta dubi allon, ta ƙirga kwanakin da yatsu, ta tsaya a na huɗu. Mangwaron da ya kwana huɗu a ɗakin kifi dutse yake zama, in ya narke kuma ya koma baƙin kunu. Ta ce a hankali, "Abah ya riga ya gaya wa mutane ni na samo musu wurin." Mahaifinta take nufi.

Muka hau babura biyu zuwa rumbun, ita a bayana. Hadari ya haɗo ta kudu, hanya ta cushe. A kowace danja Mas Prawoto yana motsa baki, ina jin yana shirya abin da zai faɗa wa gida arba'in. Wayar Teh Euis na ta ruri a aljihu, ba ta ɗauka.

Mun tarar da Mang Oding, shugaban masu dako, yana cin shinkafa a ganyen ayaba. Mas Prawoto ya wuce shi ya ja ƙofar ɗakin kifi. Hayaƙin sanyi ya fito ya rufe mana ƙafafu. Muka jira ya lafa.

Kifi ne a ciki.

"Mang, ina mangwaron?"

"Ɗaki na uku, wurin 'ya'yan itace. A ina kake so ya kasance, Den?" Den, wato yallaɓai.

"Manhaja ta ce ɗakin kifi."

Mang Oding ya tauna, ya haɗiye. "Wacce?"

Mas Prawoto ya nuna allon da ke bakin ƙofa, wanda ya kafa da hannunsa shekara goma sha huɗu da suka wuce. Hulunan kwano uku ne rataye a kansa. Allon ya mutu tun ambaliyar shekara bakwai baya, kuma ba wanda ya kawo rahoto, saboda masu dako da hanci suke raba kaya.