Kirsimetin da Mama Ba Ta Hura Wuta Ba

Na dawo daga majami'a ranar Kirsimeti, sai na tarar hayaƙin girki ya cika tsakar gidanmu a Zango. Mama kuwa tana kwance da karaya a ƙafa, tun jiya take hawaye wai bana ba za ta raba wa maƙwabta abinci ba.

Ashe maƙwabciyarmu Hajiya Mariyama ce ta kwaso matan unguwa da tukwanensu.

Na ce, "Hajiya, wannan ɗawainiya haka?"

Ta ce, "Ke Rahila, matsa ki ba ni wuri. Azumi nawa muka sha ruwa da kunun uwarki?"

Fasto yakan ce abin da ka shuka shi za ka girba. Mama kunu ta shuka, ta girbi mutane. Ni 'yar wannan matar ce, kuma ina taƙama.

Ku fa, me iyayenku suka shuka muku a unguwa?